Burodin Yaye

Mutane suna tausaya wa 'yata don ba ta cin burodi, ni kuwa tausayin nasu haushi yake ba ni. Sai ka ga mace ta dafe ƙirji tana cewa, "Ko taliya ba ta ci? To me take ci?" kamar dai kafin a kawo fulawa ƙasar nan iska kakanninmu suke haɗiya. Yarinyar nan da waina da miyar taushe take karyawa, ko ƙosai da kunun gyaɗa. Da rana dambun masara da zogale ko faten acca, da dare tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Kumatunta har sheƙi suke yi. Wanda ya cancanci tausayin nan yayanta ne, shi kuma ba ya nan.

Shi ne ɗana na fari, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba. Haka aka tashe mu: ɗan fari kunyarsa ake ji, ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. "Yaron nan" nake ce masa. In ina son in rungume shi sai na saki labule. A lokacin muna haya a unguwar Kwamba a Suleja, ciki da falo a gida mai yawan jama'a. Babansa yana fita tun da asuba ya bi motar Abuja zuwa wurin aiki, sai bayan isha'i mu gan shi. Ni da yaron muke wuni a ɗaki muna hirarmu da ba mai ganewa sai mu. Da mun fito tsakar gida kuwa sai in ɗaure fuska, kamar ɗan maƙwabta aka bar mini riƙo.

Mai nuna masa so a fili ita ce Inna, mahaifiyar mijina, wadda ke zaune a gidansu na gado a Bagama. Angona take ce masa, irin wasan kaka da jika. Tun daga bakin ƙofa za ta fara: "Ina angon nawa? Ko zanen salla bai yi mini ba, ya zo ya laɓe a bayan wata." Shi kuma ya yi ta ɓangala dariya yana miƙa mata hannu.

Bai daɗe da fara tafiya ba na gane ina da ciki. Na ɓoye iyakar ɓoyewata, amma idon tsohuwa ba ya kuskure irin wannan. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a haɗa kayan yaro, za ta tafi da shi yaye kafin nonon ya cuce shi. A wurinmu yaye a gidan kaka ake yi, a ɗauke yaro daga ganin uwarsa har ya manta da nono. Na haɗa masa kaya ina murmushi, don ba a kuka a kan ɗan fari.

Inna ta riƙe shi riƙon gata, wannan ba zan taɓa musawa ba. Koko da tuwo da nake ɗan ba shi a gida ta ce abincin marasa galihu ne, angonta ya fi ƙarfin haka. Kullum da safe sai ta aika an sayo burodi mai zafi, ta haɗa shayi da madara, ta jiƙa ta ba shi a baki. Da rana taliya da manja. In ya yi kukan nono, a miƙa masa biskit.

Da aka dawo mini da shi yana gudawa, aka ce haƙori ne. Gudawar ta ƙi tsayawa. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri, hannuwa da ƙafafu suka tsotse, fatar ɗuwawunsa ta yi yaushi kamar ta tsoho. Yaron da ke bin kaji da gudu ya koma zama a gindin bango yana kallon mutane. Ba wanda ya sha wahalar neman dalili, don ga dalilin nan a gabana yana ƙara girma. "Ya sha ciki," in ji matan gidanmu. "Ya sha ciki," in ji dangi. Aka jiƙa saiwoyi, aka yi turare, muka je kemis, muka je asibiti, aka ba mu maganin tsutsar ciki da ruwan gishiri da sukari. Ya ƙi tuwo, ya ƙi koko. Abu ɗaya yake buɗe wa baki, burodi jiƙe da shayi, ni kuma in yi ta godiya ga Allah da ya samu abin da yake karɓa.

Ya rasu cikina yana wata takwas. A wurin zaman makoki ina kusurwar ɗaki, kaina a sunkuye, ana ta ce mini in daure, ɗan fari ne, kada in ba da kunya. Na daure. A nan na ji Inna tana ce wa matar da ke kusa da ita, ba tare da ta dube ni ba, "Da an yi haƙuri an bar shi ya ƙoshi da nononsa, da yanzu angona yana nan." Wata ta ce mata ta yi istigfari, ta yi. Amma maganar ta riga ta shige ni, kuma na yarda da ita. Na yarda ni na kashe ɗana.

Da na haifi ƙanwarsa sai na shayar da ita shekara biyu cur, na kuma tabbatar babu ko alamar wani cikin. Sannan na miƙa wa Inna ita da hannuna, aka tafi yaye Bagama. Kishiyata take ce mata, tana tsokanarta wai ta zo ƙwace mata gida. Ita ma aka yi mata irin gatan da aka yi wa yayanta.

Ita ma ta dawo tana gudawa. Ranar da na tuɓe ta zan yi mata wanka na ga cikin nan ya fara tasowa, ɗuwawun ya fara yaushi, sai na zauna daɓas a bakin rariya. Tsoron da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba. Matan gida suka fara leƙen cikina, na ce musu duk mai so ta zo ta taɓa, babu komai a ciki sai baƙin ciki. Babanta yana dawowa na tare shi a bakin ƙofa. Na ce ba zan jiƙa saiwa ko ɗaya ba, ya nemo inda za a gaya mana gaskiya, in ba haka ba in goya ta in tafi da ƙafata.

Mun yi watanni muna zarya wani babban asibiti a Abuja. Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba, daga baya aka zura mata wata siririyar na'ura ta baki aka duba hanjinta. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ce cutar sunanta siliyak. Akwai wani abu a cikin alkama da ake kira gulutin, hanjin yarinyar ba ya ɗaukarsa, yana cinye mata hanjin ne har abinci ya daina amfanar jikinta. Ba ta da magani, sai dai a raba ta da alkama har abada: burodi, taliya, biskit, cincin, semo, duk abin da fulawa ta taɓa. In an yi haka za ta warke sarai.

Sai ta tambaya ko akwai mai irin wannan a danginmu, don takan bi jini. Na ba ta labarin yaron. Ta ajiye biro. Ta ce ba za ta iya rantsewa a kan wanda ba ta gani ba, amma abin da na faɗa ya yi kama ƙwarai. Na ce, "To shan cikin fa?" Ta girgiza kai, ta ce ciki ba ya lalata nono.

A motar dawowa, muna wuce Dutsen Zuma, mijina ya matso ya ce a hankali, "Don Allah kada ki gaya wa Inna." Na ce masa ban yi alkawari ba. Tun daga nan har Suleja ina jera maganar da zan gaya mata, ina gyara ta, ina wasa ta. Burodinku ne, Inna. Ba nonona ba ne, burodinku ne. Ina so in ga fuskarta lokacin da za ta ji. Abin da muka sanar da ita dai shi ne likita ya hana yarinya alkama, shi ke nan.

Daga nan na koma koyon girki kamar sabuwar amarya. Na ba da rariyata da muciyata na sayi sababbi. Na gane ɗanwaken da ake sayarwa a bakin layi rabinsa fulawa ne, na koma yin nawa da garin rogo da wake da kuka. Wata maƙwabciyata 'yar Filato ta koya mini wanke acca har tsakuwa ta fita, duk kuma sanda ta je gida sai ta taho mini da ita. Inji ne ya fi ba ni wahala. Yarinya ta fara samun sauƙi sai gudawa ta dawo, na rasa ta ina, ashe mai injin unguwarmu yana niƙa alkamar masu funkaso ya zuba masarata a kai. Sai da mijina ya samo wani inji a Garam da ba a kai masa alkama, can yake kai mana niƙa ranar da ba ya aiki. A hankali cikin ya sace, kumatu suka fito, ta fara bin kaji. Duk ƙibar da ta ƙara ina murna, ina kuma jin kamar ana yanka ni, don ina ganin yadda sauƙin abin yake. Da waina da tuwon dawa kawai ake tsira.

Na daina barin ta a Bagama ita kaɗai, Inna kuma ta lura. Wata Asabar da hantsi ta zo da kanta, baban yarinyar ya tafi Garam kai niƙa, ni ina suyar waina a ƙofar ɗaki. Ta zauna a tabarma, ta kwance bakin mayafinta ta fito da ƙaramin burodi a leda. "Zo nan, kishiya, ɗan kaɗan ba ya komai." Kafin yarinyar ta kai baki na fizge shi daga hannunta. Ban san na iya yi wa suruka haka ba. Maganar da na daɗe ina wasawa ta taso ta zo mini har baki.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dubi burodin a hannuna, ta dubi yarinyar da na zuba wa waina ta zauna tana ci da hannu bibbiyu.

"Ɗan wannan ma zai taɓa ta?"

"Ko ɓurɓushinsa, Inna. Gudawar za ta dawo, cikin ya kumbura."

"Da aka daina ba ta, shi ke nan ta tashi? Ba allura, ba komai?"

"Ba komai."

Ta daɗe tana kallon yarinyar. Waina ta fara ƙonewa a tanda, ban juya ta ba. Can ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "Angona fa? Shi ma burodin ne?"

Ga ƙofar maganar ta buɗe mini da hannunta. Na dube ta, na ga yadda ta tsufa a shekarun nan. Na nemi maganar tawa na rasa.

"Kwanansa ne ya ƙare, Inna."

"Na san kwana ne. Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na ce, "Ni ma na ba shi. Ku kun ba shi makonni, ni na ba shi har ranar ƙarshe."

Ta buɗe tafin hannunta na dama tana kallo. "Da wannan nake jiƙa masa," in ji ta. "Yana ganina sai ya buɗe baki." Ba ta ce in yafe mata maganar ranar makoki ba, har yau kuma ba ta ce ba. Abin da ta yi shi ne ta jawo ni cikin ɗaki ta zaunar kusa da ita, ta miƙa hannu ta saki labulen ƙofa a kanmu.

"Yi kukanki, 'yar nan. Ba kowa. Kira shi."

Ban taɓa jin sunan a bakina ba. Da ya fito sai na ji shi baƙo, kamar sunan ɗan wasu. Na sake faɗa, na sake, har na daina jin muryata. Inna ma tana faɗa tare da ni, ba angona ba, sunansa na yanka.

Labulen ya motsa. 'Yata ta leƙo da guntun waina a hannu, bakinta duk miya, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, wa kuke kira?"

Inna ta share fuska da bakin mayafi.

"Yayanki ne," ta ce. "Je ki cinye wainarki kada ta huce."