Riɗin da ke ƙarƙashin sitika

Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu turo saƙo suna tambayar ko na daina soya kajin biki ne, ku yi haƙuri, ga abin da ya same ni.

Ni da riɗi ba ma shiri tun ina yarinya a Ƙofa. Kantu ɗaya na ci a firamare, leɓena ya kumbura suntum. Tun daga nan duk abin da ke cikin leda sai na karanta bayansa kafin ya shiga bakina. Turanci nake koyarwa a Tudun Wada, kuma gaskiya ina ji da karatuna.

Wata Asabar da hantsi ina soya kajin suna. Sabon garin soya kaza na sayo, mai jar leda, an manna masa farar sitika ta Turanci a baya. Na karanta ta tsaf: fulawa, gishiri, tafarnuwa, barkono, kayan ƙamshi. Babu riɗi. Na ɗauki cinya ɗaya na ɗanɗana.

Ko ƙashin ban yar ba harshena ya fara ƙaiƙayi. Sai maƙogwaro ya rufe, kamar an zarga min igiya ana ja ta baya. Na miƙe zan yi kira, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na faɗa kan murhu, kaskon ya kife. Tafasasshen mai ya ɗaye min fata daga gwiwar hannu zuwa tsintsiya, amma wallahi ban ji ba. Iska kawai nake nema.

A asibiti aka caka min allura a cinya, aka rufe min fuska da robar iska, aka ɗaura ƙarin ruwa. Na tuna muryar nas tana cewa, "Hajiya, kar ki rufe ido, kalle ni."

Da na farfaɗo, yayana Sani na tsaye a kaina. Ya ce, "Me kika ci?"

Na ce, "Kazar ce."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Likita ya tambaye ni ko akwai abin da jikina ba ya so, na ce riɗi, amma na karanta ledar da idona, babu shi. Na faɗa da gadara, har ya bar zancen.

Sani bai jira kowa ba. Ya hau babur ya nufi Kwanar Dangora, wurin Malam Jauro, dattijon Bafulatanin da nake sayen kaji a hannunsa shekara shida. A gaban jama'a ya shaƙe shi, ya ce mushe ya sayar min. Ya buga kan dattijon da kejin kaji, ya haɗa masa jini da majina, haƙoransa biyu na gaba suka zube. Da aka ba ni labari ban ce an kyauta ba, ban kuma ce ba a kyauta ba. A raina ni ma shi nake zargi.

Kwana tara ana wanke min ƙuna. Wanda bai taɓa gani ba, Allah ya sa kar ya gani. Gefen zanina nake cusawa a baki in cije.

Mako uku da komawata gida, aka soya doya da ragowar garin nan. Ba kaza, ba ko romonta. Loma ɗaya na yi. Wannan karon ya fi na farko muni: amai ta baki ta hanci, idanuna suka rufe ruf, na suma a mota. Maigidana ya ce ya riga ya fara min kalmar shahada.

Tsoro na gaske a nan ya kama ni. Abin da ke neman kashe ni yana cikin kicin ɗina, ban san shi ba.

Likita ya ce a kwaso duk abin da aka yi girkin da shi. Ana ta jujjuya ledoji a kan gadona, surukina Baba Malam, wanda ya yi shekaru a Sudan yana saurayi, ya ɗauki jar ledar. Bai iya boko ba, har tsokanarsa nake yi a kan haka. Ya sa farce ya ɓanɓare sitikar. Ashe rubutun Larabci ne a ƙarƙashi.

Ya bi shi da yatsa a hankali, ya tsaya. Ya ce, "'Yar nan, ga simsim. Ai shi ne riɗi."

Kunya ta kama ni, sai kuka.

Likita ya yi min bayani: akwai ƙasashen da dokarsu ta tilasta a rubuta riɗi da sunansa, akwai waɗanda ake iya cusa shi cikin "kayan ƙamshi" a wuce. Ledar asali ta faɗi gaskiya, sitikar da aka manna daga baya ce ta dunƙule. Gwajin jini ya tabbatar.

Yanzu na warke, alhamdulillahi, sai tabon hannu. Na gode wa Allah, na gode wa nas ɗin nan da ban san sunanta ba, da Baba Malam da farcensa.

Shawarata: in jikinki yana ƙin wani abu, ki san sunansa da Hausa, da Turanci, da Larabci, har da Faransanci. Ki ɗaga sitika ki duba ƙasanta. In kin ga "kayan ƙamshi" kawai ba bayani, ki ajiye. In maƙogwaro ya fara rufewa, asibiti kai tsaye, ba manja, ba jiƙo. Kuma kar ki kama sunan kowa kina kan gadon ciwo.

Makon jiya na tasa Sani gaba muka je Kwanar Dangora. Ya durƙusa, ni ma na durƙusa. Malam Jauro ya saurare mu har muka gama, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Malama. Na yafe."

Yana maganar ne hannunsa a kan bakinsa.