A Inda Ba Ni

Sabuwa ce a ofishin, ba ta ma san sunan dattijon da ke teburin gefenta ba. Gemunsa ya yi fari, tabarau ya zamo kan hanci, yana bin layukan da ke gangarowa a baƙin allo da yatsa. Kwantena yake ginawa, wato yana naɗe laburarensa, tarin lambobin da wasu manhajoji ke dogara da su, da duk abin da yake buƙata a ƙunshi guda, don ya tashi a kowace kwamfuta. Duk matakin da ya wuce sai ya gyaɗa kai, kamar magini mai duba jerin bulo.

Wayarsa ta yi ƙara. "A'a, Yaya, ba irin ta jirgin ruwa ba ce," ya ce a hankali. "Wallahi babu firiji a ciki."

Da alama shi ya raini laburaren nan tun yana jariri, kowa ya maƙale shi ake kira. A ƙarƙashin teburinsa akwai kwali, an saka kofin shayi da hoton yara a ciki, don yau ce ranarsa ta ƙarshe a ofishin.

Da ginin ya kammala, ya juyo gare ta. "'Yata, ara mini kwamfutarki, taki sabuwa ce fil. A wurina yana aiki. So nake in ga ya yi a inda ba ni."

Ta tura masa. Ya sauke kwantenar, ya danna, ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya. Komai ya tashi lafiya lau, ba a nemi taimakonsa ko kaɗan ba.

"Alhamdulillahi," ya ce. Amma ya daɗe yana kallon allon kafin ya sunkuya ya ɗauki kwalin.