Ranar da Na Kira Sunan Maigida

'Yan uwa, yau maigida ya tono mini tsohon abin kunya, gara ku ji daga bakina!

Lokacin muna jihar Sakkwato ne. Ana gasar nitso a bakin ruwan Wara, na je kallon ɗana na fari. Ina ɗaga ido sai na hango furfura a layin samari. Maigida ne ya tuɓe riga, shi da ya rantse mini ya daina.

Na ce, "Malam, da girmanka?"

Ya ce, "Ruwa ba ya tambayar shekaru."

Suka nitse. Samari suka riƙa ɓullowa ɗaya-ɗaya, nawa biyu shiru. Har mai ganga ya tsaya.

Ina son in yi kira, to da wane baki? Ban taɓa faɗin sunan mijina ba, ɗan fari kuma ba a ambatarsa. Ban san sadda na ƙwalla ba: "Garba! Bello!" Ga surukata a gefena.

Sai ga Malam ya ɓullo da yaron a kafaɗa, tsohon taru naɗe a ƙafar yaron, amma yana numfashi. Cikin haki ya dube ni ya ce, "Har ƙasan ruwa na ji ki."

Zuciyata ta narke kamar a littafi. Surukata ta ce, "Yau mun ga rashin kunya."

Yanzu da sanda yake tafiya. Ɗazu na kai masa fura, ya ce ba zai sha ba sai na maimaita kiran Wara. Na raɗa masa a kunne. Wai bai ji ba, in ɗaga murya jikoki su shaida.