Inna Habi da Ƙafar da Ba Ta Ciwo

Duk wanda ya saba bin hanyar Wurno zuwa Achida da sassafe ya san Inna Habi, ko da bai san sunanta ba. Ita ce dattijuwar nan mai farin hijabi da ke zama bayan ɗan kabu-kabu, jaka a cinya, tana yi masa faɗa a kan gudu tun daga ƙofar gidanta har ƙofar ɗan asibitin ƙauyen da take aiki. In ta sauka sai ta share baranda da kanta, ta ɗora ruwan zafi, ta shimfiɗa wa masu awo tabarmi, sannan ta zauna ta karya da kunu da ƙosai. Ungozoma ce ta gwamnati. Ta fara aiki a wajen Rabah tana amarya, ta yi Goronyo, ta ƙare a ƙasar Wurno, bana kuma ta ajiye aiki. Rabin samarin da ke ɗauko ta a babur ita ta yanke musu cibi, shi ya sa babu mai iya mayar mata da magana.

Kada mai karatu ya zaci irin tsofaffin nan ce masu sanyin murya. Inna Habi akwai baki, akwai tsokana, kuma tana da wata doka da ta sa wasu mata ke jin haushinta: mace ba ta fita ɗakinta sai ta faɗi inda ke mata ciwo da sunansa. Mu nan an san mu da kunya, ado ce kuma. Amma matanmu kan shigo asibiti su ce "ciki", su ce "mara", su ce "sanyi", alhali abin yana can inda baki ke nauyin faɗa. Inna Habi ta ga waɗanda wannan nauyin baki ya kai kabari, don haka ba ta wasa da shi.

Labarin Kaltume ya isa shaida. Ita da kanta ta ce a rubuta, har da sunanta, wai ai ta gama jin kunyar tun bara.

Kaltume matar Mode ce, manomin albasa a fadama. Mace ce mai fara'a, ta aurar da 'ya'ya, tana sana'ar ƙuli-ƙuli. Ƙaiƙayi ne ya fara damun ta a gabanta, sai wani ɗan ƙurji da ya ƙi warkewa, har zama ya fara gagarar ta. Ta sha maganin sanyi iri-iri a ɓoye, a banza. Da Mode ya ga tafiyarta ta sauya ya tambaya, sai ta sunkuyar da kai ta ce ƙafa ce.

Shi kuwa bawan Allah ya duƙufa a kan ƙafa. Ya sayo man zafi a kasuwar Achida. Ya kai ta wurin wani maɗori a Goronyo, wanda ya lallatsa ya ce jijiya ce ta hau. Kullum ya dawo daga fadama sai ya zauna ya murza mata ƙafa tun daga gwiwa har yatsu, yana yi mata sannu. Ƙafa dai lafiyarta lau, sai sheƙi take ƙarawa.

Ranar da asiri ya tonu, Kaltume ta rako matar ɗanta awo ne. Mata duk suna zaune a tabarma, ita kaɗai ke tsaye jingine da bango. Inna Habi ta dube ta sama da ƙasa.

"Mi ka damunki, Kaltume?"

"Ƙahwata ka ciwo, Inna."

"Mai ciwon ƙahwa wurin zama shika nema, ke ko kin ƙi zama. Shigo ki hwaɗa mani gaskiya."

Da Inna Habi ta duba, ba ta yi wa Kaltume duba na ƙarya ba. Ta ce wannan ya wuce ɗakinta, sai babban asibiti a Sakkwato, kuma ƙafarta ƙafar Kaltume. Da yake zama a mota azaba ne, ta naɗe tsofaffin zannuwa ta yi wani ƙaton gammo mai rami a tsakiya, ta ce yau gammo ya sauka daga ka. A can wata likita ta yanki ɗan nama aka kai gwaji. Da suka koma karɓar sakamako, likitar ta zaunar da su ta yi musu bayani a natse: ciwon daji ne na fatar gaban mace, wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ce ta haddasa shi, kuma an yi sa'a bai yi nisa ba, ana iya yin aiki a cire. Sai dai za a kwanta asibiti, a yi jinya mai tsawo, dole maigida ya sani.

A tashar mota Kaltume ta fashe da kuka. Kalmar daji ta tsorata ta ƙwarai, amma ba ita ta fi tsaya mata a rai ba. Ta ji likita ta ce ta hanyar kwanciya ake ɗaukar ƙwayar. Da wane baki za ta faɗa wa Mode haka? Zai ce a ina ta samo? Ta ce ita dai a bar ta ta koma gida da ciwon ƙafarta, in kwana ya ƙare shi ke nan, gara ta mutu da mutuncinta.

Inna Habi ta bar ta ta yi kukanta ya ishe ta, ta sayo mata fura mai sanyi. Sannan ta maimaita mata abin da likita ta faɗa wanda tsoro ya hana ta ji: cewa ƙwayar nan ta zama ruwan dare, mafi yawan masu aure sun taɓa haɗuwa da ita ba su sani ba, jikin akasari yakan kore ta da kansa, a wasu kuma takan kwanta shekara da shekaru, har babu mai iya cewa daga wa ta zo ko yaushe. Kaltume ta roƙe ta ta je ta faɗa wa Mode a madadinta. Inna Habi ta ƙi.

"Bakinki na, aurenki na. Ke ka hwaɗi. Amma ina nan zaune kusa gare ki, ba ni motsawa."

Sai ta shiga koya mata. A ɗakin awo, bayan mata sun watse, Inna Habi takan rataya tawul a kafaɗa, ta buɗe ƙafafu irin zaman maza, ta ƙara wa muryarta kauri ta zama Mode, ta ce to Kaltume, ƙaƙa ƙahwa? Ran farko Kaltume ta kasa cewa komai. Rana ta biyu dariya ta kama ta har da riƙe ciki, dariyarta ta farko tun da aka faɗa mata sakamakon. A hankali kalmar ta fara fita.

Bayan la'asar ne suka sami Mode a tsakar gida yana gyaran buhunan albasa. Kaltume ta durƙusa, ta faɗi sunan wurin, ta faɗi sunan ciwon. Mode ya dubi kwalbar man zafi da ke bakin taga.

"To ƙahwar da nika ta murza hwa?"

"Lahiyatta lau, Malam."

Inna Habi ta ƙyale su suka ɗan dara, sannan ta kawo zancen ƙwayar, ba ta rage komai ba. Fuskar Mode ta sauya. Kaltume ta ce a lokacin ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta riga ta shirya rantsuwar da za ta yi. Sai ta ji ya ce:

"Inna, ke nan shina yiwuwa ni nis sa mata?"

"Shina yiwuwa, shina yiwuwa kuma ba haka na ba. Likita ma bai iya sani. Allah kaɗai ya sani."

Ya juya ga matarsa ya ce, "In ni na, ki yahe mani. Yaushe anka ce mu tai?"

Ta zo da shirin wanke kanta, ta tarar babu mai tuhumar ta. Kukan da ta yi ranar na daɗi ne.

An yi aiki. Ba za a ce jinya ta yi sauƙi ba, ta sha wuya, akwai ranakun da ta yi ta faɗa da kowa. Inna Habi takan biya ta duba ciwo yadda likitoci suka tsara, ta tsokane ta, ta ci mata ƙuli ta tafi. Yanzu Kaltume ta koma kan turminta, tana zuwa Sakkwato a duba ta lokaci-lokaci, ta kuma tasa jikokinta mata gaba an yi musu allurar rigakafin wannan ƙwaya.

Inna Habi, ke ce mai buɗe bakin da kunya ta ɗinke. Ke ce ba ki taɓa yi wa mara lafiya ƙarya don ki faranta mata ba, ba ki kuma taɓa faɗa mata gaskiya ki bar ta ita kaɗai da ita ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa aikinki a mizani. Masu tasowa a wannan aiki su koyi zama kusa da mace har ta iya magana, mu kuma mazaje da 'yan'uwa mu zama waɗanda za a iya faɗa wa.

Ranar walimar ajiye aikinta, mata sun cika baranda har waje, daga Rabah, daga Kagara, da goyo da jikoki. Kaltume ce kaɗai ba a gani ba. Ranar ta zo daidai da ranar ganin likitarta, ta so ta ɗaga don ta zo ta yi girki, Inna Habi ta aika mata cewa in ta kuskura ta bari ta ga ƙeyarta a wurin da muciya za ta kore ta. Da wata ta tambaya ina Kaltume, Inna Habi ta washe baki ta ce tana Sakkwato, Mode ya kai ta.