Wuƙar Likita a Hannun Illo

Illo Jatau mutumin Matankari ne, amma a Dogon Dutsi ya yi yawancin rayuwarsa. Gajere ne, maganarsa kaɗan. Abin da ƴarsa Kubra ta fi tunawa game da shi hannuwansa ne, manya masu kanta, waɗanda in sun riƙe ƙwai sai ka ce jinjiri aka miƙa musu. Girkin Turawa a Sakkwato ya koye shi, shekarun da yake zuwa cin rani.

A 1943 aka kawo sabon likita garin, baƙin mutum ɗan Dahome da ya yi karatu a Dakar. Ya nemi kuku, aka nuna masa Illo. Albashin ba wani abin kirki ba ne, amma Illo ya riƙe aikin da hannu biyu, domin lokacin ana kwasar maza aikin tilas, a kai su fasa dutse da cikon hanyar mota wata biyu ko uku, ba ruwan kowa da damina. Mai aiki a gidan ma'aikacin gwamnati ba a sa sunansa. Illo yana da gonar gero ta aro a bayan gari, wadda yake nomewa da sassafe kafin ya hura wutar likita, matarsa Ma'u kuma tana da cikin wata bakwai. In aka kore shi, gardi, ɗan sandan gwamnati, zai zo da sunansa a takarda, ciyawa ta cinye gonar, Ma'u ta haihu rumbu babu komai.

Likitan yana da wata wuƙa da malaminsa ya ba shi ranar da ya gama karatu. Mariƙinta na baƙin ƙaho ne, ruwanta kuwa yana ƙyalli har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Gasasshen naman ranar Lahadi kaɗai ake yankawa da ita, kuma shi da kansa yake goge ta ya mayar kube.

Ana tsakiyar noman fari likita ya shirya rangadin yi wa yara lambar rigakafi wajen Tibiri da Kore Mairuwa, kwana shida. Da safen tafiyar wani Bafillace da aka warkar wa ƴa ya kawo zabi biyu na godiya. Likita ya ce a gasa su a yi guzuri. Wuƙaƙen madafa an riga an ɗaure su cikin kaya a bayan raƙumi, don haka ya ɗauko tasa ya miƙa wa Illo, ya ce da guntuwar Hausarsa in ya gama ya goge ta ya ajiye.

Illo ya yanka zabin a bayan madafa. Da ya gama, ya yi abin da ya ga ubansa da kakansa suna yi duk ranar da suka yi yanka: ya soka wuƙar cikin ƙasa sau uku don ta sha jinin. A Matankari rairayi ne mai laushi, wuƙa takan fito fes. Gidan likita kuwa a gindin dutse yake, ƙarƙashin ƴar ƙasar da ke sama duk tsakuwa ce. A suka ta uku ya ji wani ƙaras har cikin wuyan hannunsa. Ya zaro ta ya duba. Fuskar nan mai ƙyalli ta cika da zane kamar kaza ta yi tono, bakin kuma ya yi giɓi biyu, kowanne kamar ƙwayar gero.

Ya ɓoye ta a madafa. Ya gasa zabin, ya naɗe su, likita ya hau doki ya tafi bai tambayi wuƙa ba.

Wajen Sallau wanzami ya nufa, ɗan ƙanwar ubansa, wanda tun suna yara wasa ke tsakaninsu. Ya same shi gindin gawon bakin kasuwa yana yi wa wani tsoho aski. Sallau ya karɓi wuƙar ya jujjuya ta.

"Bawana, mi ka yi ma ɗiyar mutane? Noma ka yi da ita?"

"Zabi na yanka."

"Ka yanka zabi, ka yanka dutsi, saura ka yanka kanka in huta da kai."

Tsohon da ke zaune da rabin kai a aske ya yi dariya har sai da Sallau ya riƙe masa ƙeya. Amma da Sallau ya ga Illo bai rama ba, wanda bai taɓa faruwa ba, ya bar wasan. Ya ce bakin mai gyaruwa ne, fuskar ce bai san kanta ba. Ya ɗauko baƙin dutsensa na wasa aska, mai santsi kamar sabulu, ya nuna masa yadda ake yi: a zuba ruwa, a kwantar da wuƙar, a ɗaga bayanta kaurin tsinken tsintsiya kawai, a ja ta a hankali, abin da aka yi wa wannan gefe a yi wa wancan daidai. In giɓin ya ɓace a koma kan fata. Ya ba shi aron dutsen, yana cewa in ya fasa shi Ma'u zai karɓa diyya.

Kwana biyu Illo ya yi kafin giɓin ya tafi. Ita kuwa fuskar, Ma'u ce ta samo dabara. Ya so ya dirje ta da toka, ta hana shi, ta ce ko munduwarta toka takan yi wa zane. Ta sa ya ɗebo laka daga tafki, ta dama ta da ruwa mai yawa, ta bari mai nauyin ya kwanta, ta tace ruwan saman da tsumma cikin wata ƙwarya. Abin da ya kwanta a gindin ƙwarya ta biyu ya fi kwalli laushi. Da shi Illo ya riƙa shafa wuƙar da guntuwar fatar akuya, daga mariƙi zuwa tsini, ba ya dawowa baya. Yakan je gona da asuba, ya dawo ya zauna inuwar madafa yana shafawa har yatsunsa suka yi bororo. A rana ta biyar ya soma ganin idonsa a ciki. Zane ɗaya ne ya ƙi, mai zurfi, kusa da mariƙi.

Sallau ya ba shi shawara ya shafa mata mai ya mayar kube ya yi shiru, ya ce mutum mai duban marasa lafiya ɗari a yini ba zai ga wannan ba. Illo ya yi ta juya maganar. Abin da ya tsaya masa shi ne kowace Lahadi zai tsaya bayan kujerar likita gabansa yana faɗuwa, kuma ya san ba zai iya ba.

Da likita ya dawo ya yi wanka ya ci abinci, Illo ya kawo wuƙar ya ajiye gabansa, ya faɗi yadda aka yi tun daga zabin har lakar. Likita ya tashi ya je bakin ƙofa inda haske yake, ya karkata ta, ya sami zanen, ya bi shi da farce. Ransa ya ɓaci. Sai ya ɗora bakin a damtsensa ya ja kaɗan. Gashin ya zube ba ko ƙara.

"Wa ya wasa wannan?"

"Ni ne, Mushe," in ji Illo, yadda ake kiran maigida da Faransanci.

Likita ya shige ɗaki. Illo ya tsaya yana jiran takardar kora, har ya fara tunanin wa zai roƙa ya yi wa gonar maimai. Likita ya fito da wani akwatin kwano, ya buɗe. Ƙananan wuƙaƙen aiki ne da tsinkunan lamba, duk sun dakushe. Ya ce saboda yaƙi sababbi ba sa zuwa, in an aika su Yamai wasawa sai su yi wata huɗu, kuma a rangadin nan sai ya karci yaro sau uku kafin fata ta buɗe, uwaye har sun fara ɓoye ƴaƴansu. Ya zaɓi uku ya tura masa.

"Wuƙata ba za ka ƙara taɓa ta ba," in ji shi. "Waɗannan, ka kawo mini su jibi."

Illo ya kawo su washegari. Kafin mako ya zagayo likita ya rubuta masa takarda mai hatimi cewa shi ma'aikacin gidan likita ne. Ba a kira sunansa ba a wannan damina, ba a kuma kira ba har aka soke aikin tilas bayan shekara uku. An haifi Kubra gero yana fitar da kai, aka yi kaka da dami talatin da ɗaya.

Likitan ya yi shekara biyar aka canza masa gari, amma duk wanda ya biyo bayansa ya gaji Illo tare da gidan. Da Illo ya tsufa ya bar girki, sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida. Ungozomomi na unguwanni sukan kawo masa askar yankan cibi. Yakan wasa musu kyauta, da sharaɗi ɗaya da ya koya a gidan likita: a tafasa ta kafin a taɓa jinjiri. In ya ji labarin wata ta ƙi, sai ya tura Ma'u da tukunya ta je ta hura wutar da kanta.