Kunnen Hagu na Yaya

Yayana a hasumiyar filin jirgin sama na Yamai yake aiki, shi ke jera jirage idan sun nufo sauka. Mu a Dakoro sai dai mu hango farin layin jirgi can sama, don haka Inna ta daɗe tana zaton tuta yake kaɗa musu. Ya sha yi mata bayani: jirage kan taho kusan lokaci guda, sai ya ce wa wannan ya sauko kaɗan, wancan ya rage gudu, na bayansu ya zagaya ya jira, don a samu tazara tsakaninsu. Inna ta ce ashe dai aikin bakin rijiya ne, kowane garke da lokacin shansa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne halin da ya kwaso a can. A aikinsu, duk umarnin da ya bai wa matuƙi sai matuƙin ya maimaita, shi kuma ya kasa kunne ya tabbatar an ji daidai. To, haka yake mana in ya zo hutu. Ko goro ya aike ni saye sai ya ce, "Maimaita." Ni da nake uwar ƴaƴa! Inna kuwa ba ta taɓa yarda ba. "Ni na haihe ka," in ji ta, "ba ni maimaita ma komi."

A zuwansa na bara abin ya juya: mu ke magana, shi ke cewa mu maimaita. Na ɗauka sabuwar tsiya ce, har na gaya masa baƙar magana. Ranar kasuwa muna ratsa wajen dabbobi, wani mai amalanke ya biyo ta hagun Yaya yana ihu a ba shi hanya. Kowa ya kauce ban da Yaya. Da ƙyar na fizge shi.

Da muka koma gida ya zauna a inuwa kusa da Inna.

"Kunnen hagu ne ya daina ji," ya ce. "Wata mai kamawa akwai bizit, gwajin lahiyar aiki, wurin likita. In na yi dabara, ƙila in wuce."

Tausayinsa ya kama ni, don na san ba shi da abin da ya fi hasumiyar nan. Na ce, "To ka yi dabarar mana, Yaya."

Ya girgiza kai. "In matuƙi ya maimaita ba daidai ba, ni ko ban ji ba, jirgi biyu za su gamu bisa hanya guda. Ni za ni hwaɗa ma likita da bakina."

Inna ta ajiye waken da take tsinta, ta zagayo ta damansa, ta sunkuya dab da kunnen mai lafiya.

"Ka ce za ka hwaɗa ma likita da bakinka," ta ce a hankali. "Na ji daidai?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Daidai, Inna."