Namadi Mai Shingen Hanyar Kebbe

Wata Asabar da la'asar ina tsakar gida ina tsince wa Goggo Atu shinkafa, sai Yaya Mahmuda da abokinsa suka cika zaure da gardama. Tseren motocin nan na ƙasashen waje suke kallo a waya, masu kama da fara, waɗanda mutum ɗaya tak ke shiga. Ba ma tseren ba ne. Gwaji ne da ake yi ana gobe tsere, wanda ya fi saurin zaga fili a ba shi layin gaba. Gwanin Yaya ya zo na biyu. Yaya na rantsuwa cewa masu gyara masa motar ne suka cuce shi, abokin na cewa a daina ɗora wa ƙarfe laifi, mutumin nan tsufa ya kama shi.

Goggo ta ce in yi mata bayani. Da ta gane, ta yi dariya har da riƙe haƙarƙari.

"Wanga shi ne sabon abu? Zahara'u, gardamar ga bakin shingen Baba anka fara ta. Har da zancen tsufan."

Baban da take nufi shi ne kakana Namadi, wanda ya haife ta ya haifi mahaifina. Ban riske shi ba. Amma a gidanmu ni ce mai yawan tambaya, kuma abin da zan faɗa daga bakin Goggo na ji shi, ita kuma wani ta gani, wani ta ji wajen mutanen da aka yi abin a gabansu.

Namadi mutumin Fakku ne, ɗan manoma, aure ya zaunar da shi Tambuwal. Bai taɓa riƙe sitiyari ba har ya koma ga Allah. Shiga mota ma ba ta dame shi ba, don jiri take sa shi. Amma ka ba shi wuri a gefen hanya ya zauna yana sauraren inji, to ka gama masa komai. A shekarun da ake shirin karɓar mulkin kai, En'e ta ba shi gadin shinge a inda hanyar Kebbe ta rabu da babbar hanyar Sakkwato. Shingen ba wani abu ba ne, doguwar gora ce a kan gwafa biyu. Hanyar Kebbe ta jan ƙasa ce, in aka yi ruwa babbar mota ta bi ta da laima, sai ta mayar da ita kunya-kunya kamar gona. Saboda haka da an yi ruwa Namadi zai sauke gora, ba mai wucewa sai ƙasa ta tsane. Yadda yake gwadawa kuwa, zai tuɓe takalmi ya je wajen da ya fi kwari ya danna diddige. In ruwa ya taru a sawun, a ci gaba da jira.

Hanyar kuma siririya ce, faɗin mota ɗaya, ga gonaki da fadama dama da hagu. Wanda ya shige gaba daga bakin shinge ya shige ke nan har Kebbe, shi zai kwashi fasinja da lodi mai kyau, na baya ya tsinci ragowa. Ke nan tseren gaskiya a bakin shinge yake ƙarewa tun kafin a ɗaga gora. Akwai fili a wajen, mai ɗaukar mota biyu kafaɗa da kafaɗa, akwai kuma wani durumi, kuma a gindin durumin nan ne 'yan gari suke taruwa duk ranar da aka rufe hanya.

Motoci biyu ne suka raba kan mutane. Akwai koriya ta Alhaji Na'iya, direbanta Ɗangiwa, dattijo gajere mai kauri, wanda ya fara tuƙi tun ana tayar da mota da hannu. Akwai kuma ja ta wani attajirin Jega, direbanta Dogo, saurayi mai yawan dariya da ƙarfin hali. Ɗan'iya mahauci shi ne bakin 'yan koriya. Attahiru tela shi ne na 'yan ja.

"Ni dai abin da nika gani," in ji Attahiru, "Dogo na shiga kwana awa iska."

"Awa mahaukaci dai," in ji Ɗan'iya. "Kai mi kas sani ga mota? Keken ɗinki kaɗai ka taɓa tuƙawa, shi ma ɗinkin karkace shika fita."

"To a ba Dogo koriya, a ba tsohonku ja, mu gani. Injin Alhaji ne ke rufa mai asiri."

"Namadi, ka ji wanga? Faɗa mai!"

Namadi ba ya ɗaga murya. Sai ya ce su dai su saurara in Ɗangiwa zai sauya giya a hawan nan na bayan gari. Ba ka jin komai, mace na iya ɗora ƙwaryar nono a cinya ba za ta zube ba. Dogo kuwa in ya sauya, sai ka ce ana yanka akuya. Ya ce saurin Ɗangiwa ba na ido ba ne, shi dai ba ya taka birki inda bai kamata ba, kuma ba ya wahalar da mota. Kowa ya san inda zuciyar Namadi take. Ɗangiwa ma ya sani. In ya tsaya, a tabarmar Namadi yake zama su sha fura ƙwarya ɗaya, in zai wuce kuma akwai wata oda gajera da yake danna masa, wadda ba ya yi wa kowa.

Duk da haka 'yan ja ba su taɓa ƙin hukuncinsa ba, kuma dalilin wata ƙa'ida ce. Tun farkon kafa shingen an sha rigima kan wa ya riga isowa, don mota biyu za su tsaya kusan tare, kowa ya ce hancin tasa ne gaba. Ɗangiwa ne da kansa ya kawo shawara, lokacin yana da sauran ƙarfi a ƙafa. Ya ce a bar duba mota, direba ya sauko ya taɓa gora da hannunsa, wanda hannunsa ya riga shi ne na gaba. Direbobi suka yarda. Shekara da shekaru ƙa'idar na yi wa Ɗangiwa daɗi. Sai gwiwa ta fara ba shi wahala, har ya koma saukowa daga mota da baya, yana riƙe da ƙofa, kamar mai sauka daga rumbu.

A daminar da aka karɓi mulkin kai, dattawan Kebbe suka ce motar da ta riga iso musu ranar jajibiri ita za su ɗaura wa sabuwar tuta, ta kwaso mutanensu zuwa bikin da za a yi a Tambuwal. Magana ta kai kunnen Alhaji Na'iya, wanda dama an daɗe ana zuga shi cewa direbansa ya gaji. Ana saura 'yan kwanaki Ɗangiwa ya tsaya wajen Namadi, suna shan fura ya ce, "Alhaji ya ce in tuta ta hau jar mota, in aje mai mabuɗinai."

Namadi ya ajiye ludayi. "Da gaske shikai?"

"Gaban mutane yaf faɗa."

Bai roƙi komai ba, Namadi kuma bai yi alkawarin komai ba. Ya ce Allah ya ba da sa'a, suka shafa.

Ranar jajibiri aka wayi gari da ruwa. Namadi ya sauke gora. Kafin hantsi gindin durumi ya cika, har da waɗanda ba su san gaban mota da bayanta ba. Can aka jiyo su daga wajen Sakkwato, ƙara biyu a haɗe. Suka ɓullo ja na gaba kaɗan. A kwanar ƙarshe kafin fili Dogo ya shiga da ƙarfi, gindin motarsa ya zame a taɓo, shi kuwa Ɗangiwa ya bi ta ciki a hankali kamar ba ya sauri, sai ga koriya ta fito gaba ta tsaya cak dab da gora. Attahiru tela da kansa ya gaya wa Goggo, bayan ya tsufa, cewa bai taɓa ganin tuƙi irin na ranar nan ba.

Wuri ya kaure da ihu. Ɗangiwa ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa, ya juya baya ya fara laluben ƙasa da ƙafa. Dogo bai jira motarsa ta gama tsayawa ba. Ya diro, ya faɗi a taɓo, ya tashi da rarrafe ya kai wa gora mari. Hannun Ɗangiwa ma ya sauka a kanta, kusan tare. Motocin sun kare wa 'yan gindin durumi gani. Namadi kaɗai ke tsaye riƙe da bakin gorar.

Ɗan'iya ya ratso mutane yana haki. "Namadi, duniya duka ta ga koriya ta riga tsayawa. Ka ce koriya, a wuce wurin!"

'Yan ja suka zuba wa Namadi ido. Dogo na tsaye yana sharce taɓo a riga. Attahiru ya ce daga baya, da a ce Namadi ya ce koriya, wallahi ba wanda zai yi musu, don su ma tuƙin ya cika musu ido. Hanya a buɗe take gare shi, kuma ya san abin da ke rataye a bakinsa.

Namadi ya daɗe yana kallon gorar. Sannan ya ce, "Motar Ɗangiwa ta riga tsayawa. Hannun Dogo ya riga taɓawa. Hannu munka ce."

Ɗangiwa ya dube shi. "Wa yac ce hannu?"

"Kai kac ce, Ɗangiwa."

Abin da ya fi ba ni tausayi a labarin shi ne ba a tafi nan take ba. Ƙasa ba ta tsane ba. Sai da aka zauna jira har bayan azahar, kowa na kallon kowa. Ɗangiwa ya koma cikin motarsa ya rufe ƙofa. Namadi ya riƙa zuwa kwari yana danna diddige yana dawowa, Ɗan'iya na biye da shi, wani lokaci da lallashi wani lokaci da zagi, wai har yanzu yana iya cewa ido ne ya yaudare shi. Bai sauya ba. Da sawu ya fito busasshe ya ɗaga gora, ja ta shige, koriya ta bi bayanta. Ba a danna masa oda ba.

Washegari jar mota ta fito daga Kebbe da tuta a ka, mutane cike da bodi suna waƙa, Namadi ya tsaya ya ga wucewarta. Bai je wajen biki ba. Alhaji ya karɓi mabuɗinsa, Ɗangiwa ya koma ƙauyensu ta wajen Kebbe ya kama noma da gwiwar da ba ta son durƙuso.

Ɗan'iya ya daina gaida Namadi. 'Yan ja suka matsa masa tabarma suka ce ya dawo cikinsu, sai ya ce musu, "Ni har gobe Ɗangiwa nika so. Dogo bai iya tuƙi ba, tsalle ya iya." Su ma suka yi fushi. Ya zama ba shi nan ba shi can, yana zaune shi kaɗai jikin gwafa. Kakarmu ta sha ce masa ya je ya ba Ɗangiwa haƙuri. Ya ce in ya ba da haƙuri ya ce ya yi kuskure ke nan, in kuma ya je bai bayar ba, me ya kai shi? Sai dai duk wanda ya fito daga wajen Kebbe sai ya tambaye shi ko geron Ɗangiwa ya yi kyau. Kafin damina ta gaba ya tara direbobi ya ce wani zai karye wata rana garin tsalle, aka yarda aka koma duba tsayuwar mota.

Damina biyu suka wuce. Wata ranar kasuwa an rufe hanya, sai ga Ɗangiwa a kan jaki. Masu jakai ba ruwansu da shinge, ta gefe suke ratsewa. Shi kuwa ya tsaya, ya sauko da baya yana riƙe da wuyan jakin, ya taka a hankali ya ɗora hannu a kan gora.

"Yau na riga kowa?"

Namadi ya miƙe tsaye. "An bar taɓi. Yanzu tsayuwar mota aka duba."

"Na ji labari. Kun makara."

"Mun makara."

Ɗangiwa ya dubi tabarma, Namadi ya matsa. Suna zaune sai aka jiyo mota tana hawan bayan gari, giya na kuka.

"Subhanallahi," in ji Ɗangiwa. "Wane ne wanga?"

"Sabon direban Alhaji."

"Koriyata ce shika yi ma haka?"

"Kullum."

Daga ranar, duk kasuwa sai ya zo, su zauna su yi ta tsefe direbobi ɗaya bayan ɗaya. Ban ce ya yafe duka ba. Goggo ta ce ya taɓa ce mata, tana budurwa, "Ubanki dutse ne, 'yar nan," kuma ba ta gane ko yabo ne ko ƙorafi ba. Amma da Namadi ya rasu, Ɗangiwa na cikin waɗanda suka zauna karɓar gaisuwa, a sahun 'yan gida.

Na sha tunanin ko ni ce a bakin gorar me zan ce. Har yau ban sani ba. Da na ba Yaya Mahmuda labarin, bai damu da wannan ba sam, tambayarsa ɗaya ce, tsakanin mutanen biyu wa ya fi iya tuƙi. Goggo ba ta bari na buɗe baki ba.

"Ɗangiwa mana," ta ce. "Wanga har tambaya ce?"